Wace shimfiɗar roba ta dace da rufin ginin kasuwanci?

Malam, tambayarka ita ce wanne za ka shimfiɗa tsakanin PVC da TPO, wato nau'o'i biyu na shimfiɗar roba mai hana yoyo, a kan shafaffen rufin rukunin shagunanka. Idan akwai gidan abinci a ƙasa, PVC ta fi dacewa, domin maiƙon da ke fita ta bututun hayaƙi yana cin TPO, ko da yake TPO ɗin ta fi sauƙin kuɗi. Ni dai ba na yarda da kaurin da bai kai milimita 1.5 ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne ɗora PVC kai tsaye kan tsohuwar kwalta, wadda ke sa ta bushewa har ta tsage. Yawancin yoyo kuwa daga mahaɗar shimfiɗun yake farawa, saboda haka nemi gwanin liƙi da iska mai zafi, sannan injiniyan gini ya duba gangaren ruwa kafin damina.