Sojojin da ke kwance a tsoffin hotunan yaƙi: barci suke ko sun mutu?

Tambaya: Salam Malam, dan Allah na ga wani tsohon hoto baƙi da fari, sojojin Turawa ne a cikin wani dogon rami, ɗaya ya jingina da bangon ramin riƙe da bindiga yana leƙe, sauran kuma kwance ko ina kamar an zubar da su. An rubuta wai barci suke, ni kuma na ce wa abokina gawarwaki ne, har muka yi musu. Wai ya ake ganewa? Kuma me ya sa masu hoton zamanin da suke yawan ɗaukar mutane suna barci?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa. Toh gaskiya a wannan karon abokinka ne ya ci musun, amma kai ma zarginka ba a banza yake ba, zan zo kan haka.

Kwatancen da ka yi ya yi daidai da wani sanannen hoto na Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda John Warwick Brooke ya ɗauka a watan Yulin 1916 kusa da ƙauyen Ovillers a Faransa, lokacin gumurzun Somme. Sojojin Ingila ne na rundunar Cheshire, ramin ma na Jamusawa ne suka ƙwace, ɗaya na gadi sauran suna sharar barci da rana tsaka. Kuma ba lalaci ba ne, haka tsarin rayuwar ramin yake, da daddare ake aiki saboda duhu na rufa asiri, a gyara waya mai ƙaya, a haƙa, a ɗauko abinci da harsasai, a kwaso waɗanda suka ji rauni, da asuba kuma kowa ya miƙe da bindigarsa don a lokacin ne aka fi tsammanin hari, haka ma da magariba, to sai gari ya waye sarai mutum zai samu ya ɗan runtsa, shi kuma mai kyamara sai da haske yake aiki, kaga dole su yi ta haɗuwa. Ka tuna a ranar farko kaɗai ta wannan gumurzu, 1 ga Yuli, an kashe sojojin Birtaniya sama da 19,000. Wanda ya tsallake irin wannan makon ko a kan taɓo ka aje shi barci zai kwashe shi.

Wancan na tsaye kuwa shi ne bai isa ya runtsa ba. A dokar soja ta lokacin barci a bakin gadi laifi ne da ke iya kai mutum ga harbi, kuma an yanke wa ɗaruruwa wannan hukunci a rundunar Birtaniya duk da kusan dukkansu an sassauta musu. Tun a yaƙin basasar Amurka ma akwai wani saurayi William Scott da aka kama yana barci a gadi a 1861, aka ce a harbe shi, sai da maganar ta kai ga shugaba Lincoln aka yafe masa, bai shekara ba kuma ya mutu a fagen daga. Shi ya sa ni in ina kallon irin hoton nan idona ya fi tsayawa kan mai gadin, don shi ma barcin yake ji kamar kowa.

Yanzu maganar me ya sa hotunan masu barci suka yi yawa. Dalili na farko kyamarar ce kanta. Hoton farko-farko irin na Daguerre, wani Bafaranshe da ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro ɗaukar hoto, da aka bayyana a 1839 sai an bar idon kyamara a buɗe na mintuna, duk abin da ya motsa ɓacewa yake ko ya fito dishi-dishi. Akwai hotonsa na wani titi a Paris, titi ne mai cunkoso amma ya fito fayau ba kowa, sai wani mutum da ya tsaya ana goge masa takalmi, shi ya samu shiga saboda bai motsa ba. Daga 1851 aka samu dabarar shafa wa gilashi magani a ɗauka tun yana jiƙe, ta rage lokacin zuwa 'yan daƙiƙu amma fa sai an wanke hoton nan take kafin ya bushe, dan haka mai hoto Roger Fenton da ya je yaƙin Kirimiya a 1855 da keken doki guda ya tafi wanda ya mayar ɗakin wankin hoto. Da irin wannan kaya ba wanda zai ɗauki soja yana gudu yana harbi. Abin da zai tsaya maka cak uku ne, wanda ka ce wa kar ya motsa, da mai barci, da gawa.

To nan ne zarginka ke da gindi. Hausawa sun ce barci ƙanin mutuwa, masu hoton wancan zamani kuma sun ci moriyar wannan kamanni sosai. A Turai da Amurka in mutum ya rasu, musamman yaro, akan kira mai hoto a kwantar da mamacin a gado ko a cinyar uwarsa a gyara shi kamar mai barci, sau da yawa shi ne hoto ɗaya tilo da iyalin za su taɓa mallaka nasa. A fagen yaƙi ma haka. Alexander Gardner ya ɗauki hoton gawar wani soja bayan gumurzun Gettysburg na yaƙin basasar Amurka a Yulin 1863, ya sa wa hoton suna da ke nufin barcin ƙarshe na gwanin harbi, sannan ga wani hoton na wani sojan a bayan katangar duwatsu da bindiga jingine, sai bayan kusan shekara ɗari masu bincike suka lura ai mutum ɗaya ne a hotunan biyu, ɗaukar gawar aka yi daga wuri zuwa wuri don hoton ya fi kyau. Wallahi duk sanda na tuna sai in ji wani iri, amma a lokacin ba su ɗauke shi ha'inci kamar yadda mu muke ɗauka yanzu ba.

Dalili na biyu hukuma ce. Gwamnatoci ba sa son jama'ar gida su ga gawar 'ya'yansu. Birtaniya ta hana sojoji riƙe kyamara tun farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, duk da da yawa sun ɓoye 'yar ƙaramar Kodak ta aljihu, kuma sai 1916 aka naɗa masu hoto na hukuma. A Amurka ma, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai Satumban 1943 aka yarda mujallar Life ta buga hoton sojojinsu uku matattu a bakin teku a Buna da ke tsibirin New Guinea. Hoton soja yana barci kuwa masu tace labarai ba su da matsala da shi, yana nuna wahala ba jini, uwa ta gani ta ce Allah sarki yaran nan sun gaji, kuma ta samu natsuwa suna raye. Har farar hula ma, a 1940 ma'aikatar yaɗa labaran Birtaniya ce ta tura Bill Brandt ya ɗauki mutanen Landan suna barci jere a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa lokacin da jiragen Jamus ke ruwan bama-bamai, saƙon shi ne ku gani ko a jikinmu.

Yadda ake ganewa kuma, ni hannu nake fara kallo. Mai barci komai gajiyarsa yana kula da kansa, zai tura hannu ƙarƙashin kunci ko ya cusa a hammata don ɗumi, ya naɗe gwiwa, ya yi matashi da jakarsa, ya ja hular kwano ya rufe fuska saboda rana, ya raɓe jikin bango inda ba za a taka shi ba, bindigarsa kuma tana inda hannu zai kai. Gawa ba ta zaɓar wuri, inda ya faɗi nan yake, ƙafa a lanƙwashe ta yadda mai rai ba zai jure minti biyu ba, fuska cikin laka, tafin hannu a buɗe ba ya riƙe da komai. Ka duba ƙafa ko akwai takalmi, don na matattu cire su ake yi, ka duba aljihu ko an zazzago shi waje. In an kwana biyu cikin zafi jiki na kumbura har maɓallan riga su ɗame, a hotunan Gettysburg ana ganin wannan ƙarara. Sai kuma waɗanda ke farke a cikin hoton, in wani na zaune dab da na kwancen yana shan taba ko rubuta wasiƙa ƙafarsu har tana taɓa juna, to galibi abokinsa ne ke barci.

Abu ɗaya dai, rubutun da ke ƙarƙashin hoto a intanet kar ka ba shi amana, yanzu ga masu shafa wa tsohon hoto kala ga kuma na ƙirƙirarriyar basira da bai taɓa faruwa ba. Ka nemi asalin inda aka adana shi, shi wannan naka yana gidan tarihin yaƙi na Landan da lambarsa da sunan wanda ya ɗauka. Ka buɗe babbansa ka zuƙo shi kusa, ka nuna wa abokin naka yadda mutanen suka duƙunƙune cikin mayafansu kowa ya nemi lungunsa, sai ka ba shi haƙuri.