Filin Gyara Da Kanka: Draya tana juyawa amma kaya ba sa bushewa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Dan Allah matsala nake da ita da drayata, injin busar da kaya irin mai bututun nan da iska ke fita ta baya. Shekara 4 kenan ina amfani da ita lafiya lau, toh wajen wata biyu da suka wuce sai na lura kayan da take busarwa a minti 40 yanzu sai sun haura awa ɗaya da rabi, samanta kuma yana ɗaukar zafi har bana iya ɗora hannu, ɗakin duk ya yi gumi. Shekaranjiya sai zafin ya ɗauke gaba ɗaya, gangar tana juyawa amma iskar sanyi ƙalau. Ƙanin maigidana ya buɗe bayanta yace wai wani ɗan fis ne ya ƙone, a haɗe wayoyin biyu kawai a naɗe da salatif zata cigaba da aiki. Ni dai hankalina bai kwanta ba shiyasa nace bari in tambaya tukuna. Daga Maman 'yan biyu.

AMSA: Wa'alaikumus salam Maman 'yan biyu, Allah ya raya mana su. Dan girman Allah kar ki bari a haɗe wayoyin nan. Ƙanin maigidanki ƙila ya gano abin da ya mutu daidai, amma maganin da ya kawo shi ne yake ƙona gidaje.

Wannan fis ɗin ba irin na cikin fulogi bane da wuta ke ƙonawa in ta yi yawa, shi zafi ne yake kashe shi. Ɗan ƙaramin abu ne, galibi fari, bai wuce gaɓar yatsa biyu ba, da waya biyu a jikinsa, ana ɗaure shi a hanyar da iska ke bi ko kusa da elemen ɗin da ke bada zafi. Aikinsa ɗaya ne a duniya, in zafin cikin injin ya wuce ƙa'ida ya yanke, kuma sau ɗaya yake yi, in ya tafi ya tafi sai dai sabo. Toh kinga in aka haɗe wayoyin an cire mai gadi na ƙarshe kenan, alhali abin da ya jawo zafin yana nan daram ba a taɓa shi ba.

Kuma ai ke da bakinki kin faɗi ciwon tun kafin ki zo kan fis. Kaya suna daɗewa, saman injin yana zafi, ɗaki yana gumi, duk wannan iska ce ba ta samun hanyar fita. Draya abu uku take haɗawa, zafi da juyi da iska, fanka ta jawo iska ta bi ta kan elemen ta yi zafi, ta ratsa kayan ta kwashi danshi, ta bi ta rariya ta faɗa bututu ta fice waje. Mutane zafin kawai suke kallo amma wallahi iskar ce take yin aikin, in ta tsaya zafin taruwa yake wuri ɗaya kamar tukunyar da aka rufe.

Kafin ki taɓa ko noti ɗaya ki zare fulogi daga bango, kashe makunni kaɗai bai isa ba, ki zare ki ajiye shi inda idonki ke gani dan kar wani ya zo ya mayar yana ganin taimako ya yi. Sai ki ɗauki hoton wayoyin da wayarki kafin a cire komai, nan gaba zaki gode wa hoton nan.

Ki fara da rariyar da ke bakin ƙofa wadda take tare burbushin audugar kaya. Na san zaki ce ai kullum kina sharewa, toh ki kai ta famfo ki zuba mata ruwa ki gani. In ruwan ya zauna a kai bai zube ba, maganin laushin kaya ne ya like ramukan da wani maiƙo da ido baya gani, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsohon buroshin haƙori ki bari ta bushe. Daga nan ki haska tocila cikin ramin da rariyar ke shiga, akwai audugar da ke zillewa ta taru a ƙasa.

Sai babban mai laifin, bututu. Ki janyo injin gaba ki cire shi daga baya ki leƙa. Na taɓa cire wani da aka matse shi da bango har ya lanƙwashe, da na zura hannu abin da na jawo kamar tsumman bargo ne, toka-toka, a dunƙule da danshi, tsawonsa ya kai kamu biyu, da na buɗe bayan injin kuma audugar da ta kwanta kusa da elemen har ta soma yin ja-ja tana warin ƙauri, tartsatsi ɗaya ya rage mata. Masu gidan basu san komai ba, su dai sun ga kaya na daɗewa. Ki bi bututun har inda ya fita waje, akwai ɗan murfi da iska ke turawa ya buɗe, sau da yawa shi ne yake maƙalewa ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki. Faɗin bututun yawanci inci 4 ne, wato santimita 10, kar a rage shi, kuma iya gajartarsa da miƙewarsa iya kyansa dan duk kwana ɗaya tana rage ƙarfin iska. In irin na leda ne mai ƙunƙun-ƙunƙun ki canza da na ƙarfe mai santsin ciki, a haɗa gaɓoɓinsa da salatif na alminiyam, banda noti, dan tsinin noti a ciki auduga yake kamawa.

Ba tsoratarwa nake ba. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta gobarar draya kusan 2,900 duk shekara a gidajen ƙasar tsakanin 2008 da 2010, kuma kashi 34 cikin ɗari rashin sharewa ne sanadinsu, shi ne kan gaba.

Bayan hanya ta buɗe sannan a zo kan gwaji. A samu mitar gwajin wuta a sa ta a wurin da take ƙara in an haɗa bakinta biyu, a zare waya ɗaya daga jikin fis ɗin a ɗora bakin mitar a ƙafafunsa biyu. In ta yi ƙara lafiyarsa lau, in shiru ya mutu. Haka za a yi wa tamostat ɗin da ke kusa da shi, wato ɗan abin da ke daidaita zafin injin, wasu injinan ma tamostat ɗinsu yana da ɗan maɓalli ja da ake dannawa ya dawo, ki duba ko taki tana da shi. Elemen kuma lamba ake karantawa, mai wat 2,000 a wutar 230 zai nuna wajen om 26 (om shi ne ma'aunin da mitar ke auna wayar da shi), manyan nan na Amurka masu wat sama da 5,000 wajen om 10 zuwa 11, in mitar bata nuna komai ba wayarsa ta tsinke, wani lokacin ma da ido zaki ga inda ta rabu. Wajen sayen sabo ki kwafi lambar injin daga takardar da ke like a bakin ƙofa ko a baya, fis kala-kala ne kowanne da zafin da yake yankewa, wanda ya yi kama da shi a ido ba lallai ya zama shi ba. In an mayar an kunna, ki fita waje ki sa hannu a bakin bututun, ya kamata ki ji iska mai ɗumi tana turo hannunki da ƙarfi. In har lallausa ce toh da saura, kar ki cigaba da amfani.

TAMBAYA: Oga barka da aiki. Tawa in na kunna sai inji moto yana gurnani amma gangar ko motsi, na cire kayan duka ma haka. Moton ne ya ƙone? Dan in shi ne gara in haƙura da ita. Daga wani ɗalibinka.

AMSA: Ɗan'uwa kar ka yi saurin haƙura, moto ba ya cika mutuwa haka nan. Zare wuta, buɗe ƙofa ka juya gangar da hannu. In ta tafi sakayau babu wani nauyi, bel ne ya tsinke, kuma wannan yana cikin gyare-gyare mafi sauƙi. Siririn bel ne dogo da ya zagaye gangar gaba ɗaya ya sauko ƙasa ya bi ta kan fuli, wata 'yar taya mai sifirin da ke ɗame shi, sannan ya hau kan moto. In ka ɗaga murfin sama zaka ganshi kwance ko ka tarar da shi a ƙasa kamar mataccen maciji. A jikinsa akwai lamba, misali 1975 H7, ma'ana tsawonsa milimita 1975 kuma layinsa 7, da ita zaka nemi sabo. Gefen mai layi-layin shi ke kwanciya a jikin ganga. Inda mutane ke shan wahala wajen ratsa shi ta fulin ne dan hannu kawai ke shiga ido baya gani, shiyasa in tsohon bai gama fita daga mazauninsa ba ka ɗauki hoto, ko ka duba zanen da wasu kamfanoni ke likawa a cikin murfi. Ka sa safar hannu fa, bakin kwanon cikin nan yanka yake kamar reza. Tunda ka riga ka buɗe, juya fulin da yatsa, in yana cijewa ka canza shi tare, dan shi ne zai sake cin sabon bel ɗin.

In kuma ka juya ka ji nauyinta yadda ka saba, bel yana nan, toh zargina ya koma kan kafasita, wani gwangwani ne kamar babban batir da ke ba moto ƙarfin tashi, irin dai na fankar sama. Alamarsa moto ya yi ta gurnani ya kasa tashi, wani lokacin ka ga kansa ya kumbura. A nan ka yi hattara sosai, kafasita yana riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kar ka taɓa ƙafafunsa da hannu, in baka san yadda ake sauke masa wuta ba ka kira mai gyara, aikin minti goma ne a wurinsa. Kuma ka daina kunna ta tana gurnanin nan, a haka ne moton da yake lafiya zai ƙone da gaske.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni tawa bata da bututu, mai tankin ruwa ce. Tana tsayawa da kanta tace ta gama alhali tawul duk da danshi. Me zan yi? Daga 'yar'uwarku mai bibiyar filin nan.

AMSA: Malama ki leƙa cikin gangar ta wajen ƙofa kusa da rariya, zaki ga wasu ƙarafa biyu siraru a jere. Da su injin yake jin danshi, kaya masu ruwa in suka taɓa su wuta 'yar kaɗan tana ratsawa, in ta daina ratsawa sai ya ɗauka an bushe. Maiƙon sabulu da maganin laushi in ya rufe su sai injin ya ruɗe, ki goge su da tsumma da ɗan ruwan khal. Sannan ki daina haɗa tawul da kaya marasa nauyi, su suke riga bushewa su yi ta shafar ƙarafan.

Ƙasa kuma akwai wata 'yar ƙofa, bayanta kondensa take, wani akwati mai faranti-faranti da ke mayar da tururi ruwa. In irin wadda ake zarowa ce ki zaro ta kamar sau ɗaya a wata ki wanke da ruwan famfo har sai abin da ke fita ya yi fari. Amma in taki sabuwar nan ce mai kwamfireso irin na firji, tata bata fita, kar ki ja, rariya ta biyu kawai zaki wanke ki share gaban farantan a hankali da buroshi mai laushi dan saurin lanƙwashewa suke. Bututan gas ɗinta kuwa ba wurin gyaran gida bane, da yawa daga cikin na yanzu gas ɗin R290 ne a ciki kuma yana kama wuta. Ki sani kuma irin wannan dama zafinta bai kai na sauran ba, tana ɗaukar lokaci, kuma kaya masu ɗumi sukan yi kamar da danshi, ki fito da ɗaya ki girgiza ya sha iska minti ɗaya kafin ki yanke hukunci.

TAMBAYA: Malam tawa ƙara take ƙiii ƙiii in tana juyi, zan iya fesa mata mai? Ta hannu na saya.

AMSA: A'a, kar ka fesa. Man feshi yana kama wuta, kuma auduga yake tarawa, kwana biyu ƙarar ta dawo ta fi da. Ƙarar daga fuli take ko ƙananan tayoyin da ganga ke zaune a kai ko boris ɗin baya, ka cire bel ka juya kowanne da hannu zaka ji mai kukan, in taya ce ka canza su duka tare ko da ɗaya ce ta ci.

Tunda kace ta hannu ce, duba sunanta da lambarta. A Birtaniya kamfanin Whirlpool ya fitar da gargaɗi a 2015 kan wasu drayoyin Hotpoint da Indesit da Creda da aka ƙera tsakanin 2004 da 2015 saboda auduga tana iya taɓa elemen ta kama wuta, a 2019 kuma aka yi kiran a dawo da waɗanda ba a gyara ba. Irin waɗannan injinan suna yawo a kasuwar kayan hannu, in taka tana cikin sunayen nan ka shiga shafin kamfanin ka sa lambar ka tabbatar, kafin nan ka bar fuloginta a zare.