Akwatin na'urorin intanet na rataye a bango: wanne ya dace?

Malam, ka ce kana da ofis a Agege, kana son rataye suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna) ɗaya mai ƙofar sa waya 24, da na'urar naɗar hotunan kyamara, da UPS (na'ura mai batiri da ke riƙe wuta in an ɗauke), ka rasa akwati mai 6U za ka saya ko mai 9U.

Ɗauki 9U. U shi ne ma'aunin tsayin wurin jera na'urori a cikin akwatin, kowane U milimita 44.45 ne a tsaye. Suwic zai ci ɗaya, allon haɗa wayoyi ɗaya, mai jera wayoyi ɗaya, soket ɗaya, na'urar kyamara da farantin da za ta zauna a kai su ci biyu. Ka ga 6U ya cika maƙil, babu wurin shan iska.

Amma inda mutane suka fi faɗawa rami zurfi ne, faɗi kam galibi inci 19 ne a duk duniya. Mai zurfin milimita 450 ba ya ba ka 450 ɗin duka, domin kan wayoyi a gaba da filogin wuta a baya suna cin kusan 100. Auna na'urarka mafi tsawo kafin ka tafi Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta da ke Ikeja. In ka yi shakka, ɗauki 600. Babbar kwamfutar saba (server) kuwa ba ta shiga irin wannan akwati, sai na tsaye.

UPS ɗin a bar shi a ƙasa, batirinsa nauyi gare shi. Bangon bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa da roba. A sa ƙusoshin ƙarfe masu buɗewa guda 4 inda siminti ya cika.

Zafi da laimar Legas ba wasa ba ne. Nemi mai fanka biyu a sama, da fenti mai kauri saboda tsatsa, sannan a haɗa jikin akwatin da wayar da ke kai wutar lantarki cikin ƙasa (earth).