Ku Tambaya Mu Amsa: Ziyarar Fas da hawan dutsen Tubkal a tafiya ɗaya, zai yiwu?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗan Garwa ne, kayan gyaran babur nake sayarwa, shekara uku kenan ina tara kuɗi dan in kai babanmu ziyara Fas ta ƙasar Maroko wajen Shehu Tijjani, shekarunsa 67 kuma yana ɗan fama da gwiwa amma dai da ƙafarsa yake zuwa masallaci. To ni kuma na ga hotunan wani dutse a Facebook wai shi Tubkal, mutane na hawa da ƙafa kwana biyu, wallahi abin ya shiga raina sosai. Kwana 10 ne da ni. Zai yiwu mu haɗa duka biyun? Kuma wane wata ya fi dacewa? Daga mai karatunku a Garwa.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka kamar yadda kake wa Baba. Zai yiwu, amma bari in fara da abin da masu sayar da tikiti ba sa faɗa: tun kafin ka je maganar dutse, Fas ɗin kanta tafiyar ƙafa ce. Tsohon garin, wanda suke cewa Fas el-Bali, mota ba ta shiga, babur ma ba wurinsa ba ne, lunguna ne dubbai a kan gangare, wani lungun in ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango biyu. Mu da muka saba ko gidan maƙwabci za mu sai mun tsayar da moto, wato babur ɗin haya, nan ne ake gane wa ke da ƙafa. Kaya a bayan jaki da alfadari suke shiga, ko a kura, in ka ji an ce "balak! balak!" daga bayanka to ka manna da bango, ka jawo Baba kusa, dabba ce tafe da kaya.

Saboda haka gwiwar Baba ita za ta tsara muku tafiyar, ba hoton Facebook ba. Baƙi yawanci ta ƙofar Bab Bujlud suke shiga, waccan ƙofar mai shuɗi daga waje kore daga ciki da aka gina a 1913, sai su gangara ta babban titin kasuwa Tala'a Kabira har ƙasa. Gangarawa da daɗi, kana kallon masu tagulla da masu turare da masu dabino ba ka ma san ka yi nisa ba, dawowar ce ke fitar da gumi dan hawa ne zalla. Kai kada ka yi wa tsoho haka. Ku hau ƙaramar tasi, jajaye ne a Fas, ka ce a sauke ku Rasif, nan ne mota ke iya kaiwa ta ƙasan gari, daga nan zawiyar Shehu da masallacin Ƙarawiyyin ba su da nisa sosai. Masauki ma ka nema ta wannan ɓangaren, kuma kafin ka biya ka tambaya ɗakin a ƙasa yake ko a sama, dan tsofaffin gidajen nan da suke kira riyad matakalarsu ƙunci gare ta ga tsayi, mai ciwon gwiwa in ya hau sau ɗaya ba zai so saukowa sallar asuba ba.

Shehu Ahmadu Tijjani an haife shi a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya, ya zauna Fas a ƙarshen rayuwarsa, a nan ya rasu 1815, kabarinsa na cikin zawiyar. Ka ba Baba lokaci a wurin, kada ka riƙa duba agogo. Ni ranar da na fara shiga bayan la'asar ce ta Juma'a, ana zikiri, na samu gefe na zauna kusa da wani dattijo ɗan Senegal ga carbinsa ya yi sulɓi saboda ja, a gabanmu wasu ƴan Kano, ba wanda ya tambayi wani daga ina, sai matsawa kawai ake ana ba wa na baya wuri. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana wazifa yana jin sunan Fas a bakin malamansa, in ya iso nan ba yini ɗaya yake buƙata ba. Ka ware kwana huɗu ko biyar ma garin.

A cikin kwanakin nan kai sai ka riƙa fita da safe kana taka gari, shi yana hutawa. Ƙarawiyyin wata baiwar Allah ce Fatima al-Fihri ta kafa shi a 859, har yau ana sallah ana karatu, kuma abin da zai faranta maka rai shi ne in an idar da magariba za ka ji an zauna ana karanta hizibi baki ɗaya da ƙira'ar Warshu, irin dai wadda muka taso da ita a allo, su ma Malikawa ne kamar mu, rubutun Alƙur'aninsu in ka duba ɗan'uwan na tsangayarmu ne, fa'un ɗigonta a ƙasa ƙafun ɗigo ɗaya a sama. Ka shiga makarantar Attarin da ta Bu Inaniya, duka ginin ƙarni na 14 ne, ka tsaya ka kalli sassaƙar katako da ta farar ƙasa a bango, aikin hannu ne ba na inji ba. Sannan majemar Shuwara. Ni ɗan Marwa ne, na taso ina ganin majema, amma duk da haka sai da na daɗe a tsaye a kan soron wani shago ina kallon ramukan nan jere kamar kwanukan fenti, mutane a ciki har cinya suna tattaka fata, ana jiƙa ta da farar ƙasa da kashin tattabara kafin a rina. A bakin ƙofa za a miƙo maka ganyen na'a-na'a ka kara a hanci saboda wari. Kuma ka sani fatar jar akuyar Sakkwato da Kano da ayari ke ƙetare Sahara da ita, ita Turawa suka daɗe suna saya da sunan fatar Maroko, to ka ga ba baƙon wuri ka je ba.

Abu ɗaya da ya ɓata min rai, kuma ina faɗa dan kada ya same ka: wani saurayi ya tare ni ya ce hanyar da na ɗauka a rufe take, zai nuna min wata, muka yi ta zagaye har muka ɓulle shagon darduma, da na ce ba saye zan yi ba sai ya tsaya kan sai na biya shi. In kana son ɗan jagora ka ce masaukinku su kira maka mai lasisi, suna da kati a wuya, ku yi ciniki tun kafin ku taka. In ka ɓata kuma ka tambayi mai shago da ke zaune a shagonsa, Faransancinka na Kamaru zai yi maka aiki sosai. Ranar Juma'a yawancin shagunan tsohon gari a rufe suke, kada ka bar tsaraba sai ranar.

To yanzu dutse. Tubkal ba kusa da Fas yake ba, yana kudu da Marakesh, kuma jirgin ƙasa daga Fas zuwa Marakesh ya kan ci awa shida zuwa bakwai. Daga Marakesh mota za ta kai ku ƙauyen Imlil, tafiyar awa ɗaya da rabi, daga nan ake fara hawa da ƙafa. Tsayin dutsen mita 4,167, shi ne mafi tsayi a Arewacin Afirka, ya ɗara Dutsen Kamaru na Buya kaɗan. Kai kuma daga Garwa ka fito, garin da tsayinsa bai kai mita 300 sama da teku ba, to jikinka bai san irin wannan iskar ba. Ranar farko ana tashi daga Imlil, wajen mita 1,740, a yi awa biyar ko shida ana hawa, a wuce wani wuri mai farin dutse da ake kira Sidi Shamharush, a kwana a gidan mahaya da ke mita 3,200 da ɗoriya. Kashegari tun kafin asuba ake fita da tocila a goshi, awa uku ko huɗu zuwa ƙololuwa a kan tsakuwa mai zamewa, sannan a sauko har Imlil a ranar. Saukowar nan ita ke cin gwiwa, ko ta saurayi.

Baba ba zai hau ba, wannan kada ma ka sa shi a lissafi ko da ya ce zai iya, ka san iyayenmu ba sa son a ce sun gaza. Kai ma in a sama ka ji ciwon kai mai tsanani da tashin zuciya da jiri, ko numfashi ya ƙi daidaita kana zaune, ƙarancin iska ne, maganinsa saukowa, ba jarumta a ciki. Tun ƙarshen 2018 ba a barin kowa ya hau sai da ɗan jagora, akwai wuraren da jami'ai ke duba fasfo a hanya, to ka riƙe naka a jiki. Jakarka alfadari zai ɗauka in ka biya. Yankin ne girgizar ƙasa ta 8 ga Satumba 2023 ta afka wa, mutum kusan 3,000 suka rasu, kuɗin da za ka ba mai alfadari da mai masauki a ƙauyen kai tsaye cikin gidajen mutanen yake shiga, kada ka matsa musu da ciniki irin na kasuwar Garwa.

Abin da ke damuna a tsarinka shi ne wa zai zauna da Baba kwana biyun da kake sama. In akwai hali ku tafi ku uku da wani ƙaninka ko amininsa. In babu, gaskiya ni a ganina ka haƙura da ƙololuwa wannan karon, ku sauka Imlil tare, ka yi tafiyar yini, ka hau zuwa ƙauyen Armed da ke sama kaɗan ka bi ta gonakin tuffa da magudanan ruwa ka dawo kafin la'asar ku sha shayi tare, shi ma in yana so a ɗora shi a alfadari ya ga wuri. Barin tsoho shi kaɗai a garin da ba ya jin yarensu, ga sanyi, ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Wata kuwa, Mayu ko ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba. Daga Nuwamba har zuwa Afirilu dusar ƙanƙara ke rufe saman dutsen, sai da takalmi mai ƙarfe da gwaninta, Fas ma a lokacin ruwa ne da sanyi mai shiga ƙashi. Ko a Mayu ɗin ka tafi da rigar sanyi mai kauri da safar hannu da hula, ruwan alwala a sama kamar ƙanƙara yake. Kuma tun yau ka fara shiri, wata biyu kafin tafiya ka riƙa ajiye babur, bayan asuba ka taka awa ɗaya, ran da ba kasuwa ka je duwatsun Tingilin ka hau da ƴar jaka a baya, cikin takalmin da za ka tafi da shi. Sabon takalmi a kan dutse bororo kawai zai yi maka. Biza kuma mu ƴan Kamaru sai da ita, ofishin jakadancin Maroko na Yawunde, ka fara da ita kafin tikiti, katin allurar shawara ma ya kasance cikin fasfo.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni malamar makaranta ce a Kusri, ni da maigidana muna so mu je Marakesh da Fas amma hutunmu a Agusta ne kawai. Kuma zan iya yawon nan da lafaya ta ko sai na canja shiga?

AMSA: Malama barka kadai. Shigarki ba matsala ko kaɗan, matan can da jallabiya da ɗankwali suke yawo, sai dai ki ɗan ɗage lafayar daga ƙasa saboda matakala da lungunan da ruwa ke kwanciya, kuma ki bar takalmi mai tsini da silifas a gida, kambas da safa za ki sa. Agusta akwai zafi, Marakesh da Fas suna haura 40, amma wanda ya sha Afirilun Kusri ba zai tsorata ba, ku dai yi yadda muke yi a gida: fita bayan asuba, komawa masauki kafin azahar, sake fita bayan la'asar. Da yamma ne ma dandalin Jami'ul Fana na Marakesh ke cika, ga hasumiyar masallacin Kutubiyya mai mita 77 tun ƙarni na 12 tana tsaye a gefe, in kun ɓata a kasuwa ita za ku hanga ku dawo. Ku da kuke bakin Njamena, gada kawai za ku ƙetare, ku tambayi jirgin Kazablanka ta can kafin ku yi tunanin doguwar hanyar Yawunde ko Duwala.

TAMBAYA: Sefa tana aiki a can ko sai dala? Daga Ngaundare.

AMSA: Sefarmu ba za ta yi maka amfani a kasuwar can ba ɗan'uwa, kuɗinsu dirhami ne kuma a cikin ƙasar ake samunsa. Ka canji yuro tun daga gida, tunda farashinta da sefa a tsaye yake, yuro ɗaya 655.957, in ka sauka ka canja kaɗan a filin jirgi na kuɗin jirgin ƙasa, sauran a cikin gari. Dirhami ɗaya ka lissafa shi wajen sefa 60 dan ka riƙa gane tsadar abu. Ka riƙe ƙananan kuɗi a aljihun gaba na tasi da mai kura da ruwan sha, manyan kuma a cikin riga, kuma abin da ya rage ka mayar da shi yuro kafin ka hau jirgin dawowa.