Dashen Bishiya Ko Renon Kututture?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a ƙasar Gumel. Duk shekara sai a zo da 'yan jarida a yi bikin dashen bishiyoyi a bakin titinmu, kafin kaka awaki sun cinye su tas. Wannan maganar kare muhalli da ake ta yi gaskiya ce, ko hanyar cin kuɗi ce kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ban ga laifinka ba. Ni ma na taɓa halartar irin wannan biki, na koma wurin bayan wata uku ban tarar da komai ba sai ramuka da 'yan ledojin da aka ciro dashen daga ciki. Raina ya ɓaci ƙwarai ranar.

Amma maganar gaskiya ce, kuma ba sai ka je nesa ba kafin ka gani. Ka tsallaka iyaka zuwa Maraɗi. A farkon shekarun 1980, gonakin yankin sun koma fili fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne gero tun yana ƙarami. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsiron da ake sarewa lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, tohon tsofaffin kututture ne da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Sai manoma suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kan kowane kututture, su datse sauran. Can suna ce masa sassaben zamani. Babu ban ruwa, babu kuɗin dashe, wuƙa ce kawai da haƙuri. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne siyasar lamarin. Da, a Nijar, bishiya ta hukuma ce ko da a gonarka take, malamin daji na iya cin tararka in ka taɓa ta. Wa zai reni abin da ba nasa ba? Sai da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sannan gawo da kalgo da sabara suka dawo. Kai ka fi ni sanin gawo: da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya ba dabbobi inuwa da 'ya'ya.

Shirin Babbar Katangar Bishiyoyi, na dasa itatuwa don tare kwararowar hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya shafi Jigawa, don haka kuna da hakkin tambayar wakilanku wa zai kula da dashen bayan an watse.

Kai kuwa, bana in ka shiga sharar gona, ka zaɓi kututture goma ka bar su, ka kuma yi magana da mai gari da makiyayan da ke bi ta wurin don kada a sare maka. Bayan damina biyu ka rubuto mini tsawon da suka kai.