Kafiretar Fijo 504 ta gagara samuwa

Tambaya: Malam, na gaji Fijo 504 wurin mahaifina. Kafiretarta ta lalace, na zaga Gombe ban samu ba. Ina zan dosa?
Daga mai karatu a Tudun Wada, Gombe

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifinka. Kada ka karaya. Tun 1975 aka fara haɗa Fijo a Kaduna, don haka kayanta ba su ƙare ba. Nufi kasuwar Panteka a Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano. Cire tsohuwar ka tafi da ita tare da bakanikenka, a gwada ramukan noti, domin injinan 504 ba iri ɗaya ba ne. Ni dai na fi yarda da ta gwanjo ta asali a kan sabuwa mai ƙyalli. Kafin ka biya, ku yi sharaɗin mayarwa idan ba ta hau ba.