Sau Uku Na Rubuta JAMB, Baba Ya Ce Ya Isa Haka

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ni saurayi ne ɗan shekara 21, tun da na gama sakandare burina likitanci, sau uku ke nan ina rubuta JAMB, na farko na ci 168, na biyu 181, na bana 196 (Turanci 58, Bayoloji 55, Kemistri 45, Fiziks 38), kuma duk ban samu gurbi ba. Abokaina da muka gama tare wasu har sun kai aji uku a jami'a, in sun dawo hutu wallahi ɓuya nake yi. Yanzu Baba ya ce ba zai ƙara biyan ko sisi ba, in zo in zauna a shagonsa na kayan masarufi, ni kuma zuciyata ta ƙi haƙura, wani lokacin ko barci ba na iya yi. Shin in ci gaba da naci ne ko dai ba rabona ba ne?
Daga wani ɗalibi, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sanyaya maka zuciya. Na ji daɗi da ka turo makin kowane darasi daban, don yawancin masu rubuto mini jimla kawai suke faɗa su ɗora da kuka, alhali ciwon yana cikin rabe-raben nan ne.

Duba da kyau. Daga 168 zuwa 196 ka ƙara maki 28 a shekara biyu, wato gaba kake yi ba baya ba. Amma gaskiya ɗaya ce kuma zan faɗa maka ita, jarabawar nan a kan 400 ake yin ta, kowane darasi 100, kuma a likitanci masu 250 da ɗoriya ma sai sun yi gumi kafin su shiga, to idan ka ci gaba da ƙara 14 duk shekara ka lissafa da kanka yaushe za ka kai. Naci iri biyu ne. Akwai na mai haƙar rijiya da in ya ci karo da dutse sai ya sake kayan aiki ko ya ɗan gusa gefe, akwai kuma na wanda yake ta dukan dutsen da dagi ɗaya da ya riga ya dakushe yana cewa ai haƙuri nake yi. Ina jin tsoron kai na biyun kake yi, littattafai iri ɗaya, karatun dare wata biyu kafin jarabawa, sai addu'a.

Fiziks 38 da Kemistri 45, nan ɓarakar take. Waɗannan ba a haddace su kamar karatun allo, sai an zauna da alƙalami da takarda ana warware lissafi kullum, kuma da wani a gefe da zai ce maka nan ka kauce. Nemi malami ko ɗan jami'a a unguwarku ku yi jinga ko da sau uku a mako ne. Sannan lokaci, tambaya 180 ce cikin awa 2, 60 na Turanci, sauran ukun 40-40, kowace tambaya daƙiƙa 40 ke nan, yara da yawa sun san amsa amma lokaci ke cinye su a gaban kwamfuta saboda hannu bai saba ba. Ka riƙa yin tambayoyin shekarun baya da agogo a gabanka, in an buɗe rajistar jarabawar gwaji wato mok kar ka ƙi yi.

Kuma ƙofa ba ɗaya ba ce. Akwai IJMB da ABU Zariya ke kula da ita, karatun kusan shekara ɗaya, in ka ci da kyau ka nemi aji biyu ta Direct Entry. Akwai difloma, akwai NCE, akwai kwalejojin kiwon lafiya. Ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, aikin jinyar mutane kake so ko a ce maka Dakta a unguwa? Ba laifi ba ne ko wanne ne, amma amsar za ta nuna maka hanya.

Batun Baba kuwa, ni ban ga laifinsa ba, mutumin da ya biya sau uku a wannan tsadar rayuwa ba maƙiyin karatunka ba ne, gajiya ya yi. Kar ka yi jayayya da shi. Ka je shagon, ka riƙe masa amana, bayan wata ɗaya ko biyu ka samu kawunka ko Mama su roƙar maka ya riƙa sallamarka bayan la'asar, kuɗin fom da na lesin kuma ka tara daga ɗan abin da yake ba ka. In ya ga da guminka ka sayi fom, da bakinsa zai tambaye ka yaushe ne jarabawar.

Abokan nan da kake wa ɓuya, cikinsu ba a rasa wanda ya iya Fiziks, wannan hutun ka fara zuwa gidansa da littafinka.